Tsamiyar Intisar

A bakin tur'ar Wad Haddad, magudanar da ruwan noman auduga yake bi, Gado ya fara ganin Intisar. Shi yana wanke lori, ita tana goge tukwane. Ta ɗaga wata ta alminiyam, rana ta doke ta, hasken ya faɗo masa a ido. Ya ce mata za ta makantar da shi. Ta ce da lorinsa yake kallo da ba abin da ya same shi.

Gado bai taɓa zama a aji ba, amma a tambaya daga Managil har Makwar, babu mai wankin mota kamarsa. Maraya ya tashi, zazzaɓin damina ya kayar da shi sau uku yana miƙewa, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji labarin. Kafin auduga ta yi fure, ya koma Gadona a bakinta, ita kuma Inti.

Mahaifinta Malam Maliki ya ce sam. Ɗiyarsa ba ta auren mai soso da bokiti alhali ga Abdulganiyu, ɗan maƙwabci, mai hawasha, wato gonar auduga, tasa ta kansa.

Ana nan Malam ya sayo tsohuwar mota a Wad Madani. Ƙarafan ƙafafunta na alminiyam ne, sun dushe sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu gari. A rumfar masu shan jabana, wato gahawa, Gado ya bugi ƙirji, ya ce a ba shi kwana uku, Malam zai ga gemunsa a cikinsu. Malam ya dube shi ya ce ya je ya kwance su.

Ya jiƙa su a rabin duro da kanwa, yadda yake yi wa ƙarafan lori masu maiƙo. Da ya tsamo su washegari, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya cuɗa, ya sake cuɗawa, ko gezau. Kuma cikin duk mutanen garin, Abdulganiyu ne ya biyo ta wurin. Kafin azahar labari ya gama kasuwa.

Gado ya shige ɗaki. Ranar Juma'a ta bayan gari ya bi ya yi salla a wani ƙauye, ya dawo yana lissafin motar da za ta kai shi Sennar. Sai ga Iya, kakar Intisar, da ƙunshi a hannu da saƙo a baki. Ta zauna ta faɗe shi yadda aka ba ta:

“Gadona, kowace mace ta san kanwa tana baƙanta alminiyam. Ka dafa tsamiyar nan ka jiƙa su da ɗuminta, ka cuɗa da toka mai laushi, ka bi da tsumman ulu. Kada ka gudu. In ka gudu, ni ka bari da dariyar. Intinka.”

Kowace mace! Wannan ta fi baƙin ƙafafun yi masa ciwo. Amma ya hura wuta. Kwana biyu yana cuɗa har fatar yatsunsa ta saɓule. Baƙin ya saki, farin garin ya tafi, ƙarfen ya fara kama rana.

Ya kai su ƙofar Malam bayan la'asar, maza suna zaune, har da Abdulganiyu. Malam ya duƙa, ya ga gemunsa, ya shafa.

“Ya walad, kai yaro, ina ka koyo wannan?”

Amsa tana nan a bakin Gado, mai daɗi, ta wani injiniya a Makwar da ya ba shi sirri. Ya haɗiye ta, ya kalli ƙasa.

“Baba, ban koyo ko'ina ba. Ɓata su na yi da hannuna. Ɗiyarka ce ta aiko mini da yadda ake wanke tukunya.”

Wuri ya fashe da dariya. Abdulganiyu ya ce to sai a nemo masa zani. Gado ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Malam ya bari dariyar ta kwanta tukuna.

“Tsamiyar daga rumbuna ta fita, ni na auna wa Iya. Cika bakinka na sani tuntuni. Abin da ban sani ba shi ne ko kana ƙarya.” Ya miƙe yana kakkaɓe jallabiya. “Halas, shi ke nan. Ka turo kawunka.”

Bayan tsinkar auduga aka ɗaura aure. Motar nan ce ta kai amarya, ƙawayenta suna durƙusawa suna gyara kwalli a jikin ƙafafun. Malam ya dafa kawunan ango da amarya ya ce Allah ya sa zamansu ya yi haske kamar haka, jama'a suka ce amin.

Allah kuwa ya amsa. Cika bakin ne dai bai bar Gado ba, don yana da abin cikawa. Sai dai har suka yi furfura, duk ran da ya tara baƙi ya fara cewa shi ne ya mayar da baƙin ƙarfe madubi, sai Inti ta miƙe. Ta kawo shayi, ta ajiye masa ɗan ɓawon tsamiya a gefen kofi.