Mai Gadin Magariba

"Duba da kyau, Gwaggo! Ga wanda ɗiyarki take mutuwar so!"

Nabil ne, ɗan kawuna, ya faɗo gidanmu na Sabon Gari ko sallama bai ƙarasa ba, ya miƙa wa Inna salularsa.

Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa. Na ajiye faifan na leƙa.

Shi ne...

Autana ne, cikin farar riga, tsaye a ƙofar majami'a a Tsibiri, yana dariyar nan tasa da ke rufe masa ido.

"Ƙarya ne!" na ce. "Wallahi haɗa hoton aka yi!"

"Da ƙafata na bi shi ranar Lahadi," in ji Nabil. "Ke kuma daina yi mana kamar ba ki sani ba. Duk Rundunar Gulbi wa bai san Kirista ne ba?"

Inna ta ɗago ta dube ni.

"Fadila, da gaske ne?"

Ashe kowa ya sani, ni kaɗai ce ban sani ba!

Bari in koma baya, kada a ɗauka hauka nake.

Rundunar Gulbi ƙungiyarmu ce a wani wasan yaƙin sararin samaniya da ake yi ta intanet. Kowa da jirginsa, a haƙo ma'adinai cikin duwatsun sama, a gwabza da rundunonin wasu ƙasashe. Mu 'yan Maraɗi da kewaye ne, Nabil ne shugaba. Ni kuwa mai masaukin baƙi ce. Haka muke faɗa, kamar dai fatake: duk sabon shiga baƙo ne, sai an haɗa shi da mai masauki ya riƙe hannunsa har ya iya tashi shi kaɗai.

Ba yabon kai ba, na iya aikina. Amma ban taɓa samun baƙo irin wannan ba. Ranar farko ya tayar da jirgi, ya yi kwana, ya dawo ya daki tasharmu da shi.

"Kai malam! Ina birki?"

"Au, ashe da birki?"

Na yi dariya har da hawaye.

"Mi sunanka ma?"

Rezo, wato layin intanet, na yankewa a lokacin, na ji ya ce Galibu. Ban ƙara tambaya ba, tunda a cikin wasan sunan Ɗan'auta ya sa wa kansa, ni kuma Auta nake ce masa.

Mushe ne, wato malamin boko, yana koyarwa a lakwal, makarantar Jiratawa. Bai san kowa ba a can, in yara sun tashi sai shi da bangon ɗaki. Wai shi ya sa ya shigo wasan, don ya ji muryar mutane.

Na koya masa kada ya fita da kaya babu garkuwa. Na koya masa duk wanda ya ce zo in nuna maka wajen ma'adinai alhali ba ka san shi ba, ɗan fashi ne. Bai ji ba, ya bi wani, aka tarwatsa masa jirgi. Na tattaro 'yan runduna muka yi masa ta'aziyya kamar yadda muke wa kowane baƙo, wannan ya ce Allah ya ba da haƙuri, wancan ya ce Allah ya sa ya huta.

"Ranki ya daɗe," ya ce yana dariya, "ban taɓa jin daɗin asara ba sai yau."

Matsalarmu ɗaya ce a lokacin. Abokan gaba sun gano cewa da magariba duk muna ajiye salula mu tafi salla, sai su far wa tasharmu. Mun sha wuya ba kaɗan ba. Wata rana an kira salla, sai Auta ya ce,

"Ku je ku yi salla, ni zan yi gadi."

Daga ranar kullum shi ne. Shi kaɗai, da ɗan jirginsa mai kama da kwanon sha, yana zagaya tasha har mu sallame. In an kawo hari ya tsaya ya yi ta shan wuta bai gudu ba.

A wajen gadin nan zuciyata ta tafi, ba zan ɓoye ba.

"Auta, kada ka riƙa jinkirta ibada saboda mu fa."

"Kwantar da hankalinki, tawa ba ta wuce ni."

Na ɗauka in mun dawo yake yin tasa.

Da muka saba, ya fara zuwa shagon atamfar yayata inda nake taya ta, da zogale da tumatir na lambunan Jiratawa. Ran nan ya zauna bakin benci ya kasa kallona.

"Fadila... kin san ko ni wane ne. Iyayenki ba za su yarda ba."

Ni kuma na zaci maganar malamin ƙauye yake, mai tsohon babur.

"To mi ye a ciki? Ni ban ga aibu ba. Ka bar ni da su!"

Idanunsa suka ciko.

"Da gaske, rabin raina?"

"Da gaske mana, Autana."

Nabil ya gan mu ranar. Shi da wasan taubasantaka ya daɗe da juye masa zuwa wani abu, ni ina share shi. Sai ga shi yau da hoto a hannu.

Inna ba ta zage ni ba. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta sallami Nabil, ta jawo ni jikinta.

"Ɗiyata, ba na cewa yaron banza ne. Mun yi maƙwabtaka da mutanen Tsibiri, mutanen kirki ne. Amma babu limamin da zai ɗaura wannan aure, ke ma kin sani."

"Inna, ina son shi..."

"Na gani. Shi ya sa nake jin tsoro. Ki gama da maganar nan kafin ta kai kunnen Babanku."

Washegari da hantsi na hau kabu-kabu zuwa Jiratawa. Raina a ɓace yake, duk hanya ina shirya baƙaƙen maganganun da zan gaya masa.

Na same shi bayan lakwal, bakin hanyar ruwan lambu. Yana ganina fuskarsa ta washe.

"Mai masaukina da kanta! Lafiya?"

"Macuci!" na ce. "Don mi ka ɓoye mini?"

"Na ɓoye mi?"

"Cewa kai Kirista ne!"

Ya tsaya yana kallona kamar ban yi Hausa ba.

"Fadila, ai tun ranar farko na gaya miki sunana."

"Galibu ka ce!"

"Kalibu," ya ce a hankali. "Kalibu ɗan Hezekiya. Sunan Littafi Mai Tsarki ne, duk wanda ya ji shi a yankin nan ya san gidan da na fito."

Na zauna kan bakin siminti.

Wayyo ni Fadila! Harafi ɗaya!

"To gadin magariba fa?" ya ce. "Kina zaton musulmi zai bar salla kullum don ya tsare jirgin wasa? Na yi ne don ku yi taku cikin natsuwa, tunda ni ba ni da ita a lokacin."

"Ban sani ba... wallahi ban sani ba..."

"Ranar a shago fa? Da kika ce ba ki ga aibu ba?"

"Na ɗauka babur ɗinka kake nufi."

Ya yi wata dariya wadda ta fi kuka ciwo. Ya zauna nesa da ni kaɗan, ya rufe fuska da tafukansa.

"Ranar ban yi barci ba don murna. Na ce ga wadda ta san komai, ta ce ta ji ta gani. Har Tsibiri na je na gaya wa Mama. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ƙarshe ta ce in kawo ki ta ga yarinyar da ke da irin wannan zuciya."

"Auta, ka daina, don Allah..."

"Ashe ba ni kika ce wa e ba."

"Kai ne! Wallahi kai ne! Kai ka yi gadin, kai ka sa ni dariya, kai nake jira kullum!"

Na haɗa duk ƙarfin da ya rage mini.

"In ka musulunta..."

Ya ɗago. Babu fushi a idonsa ko kaɗan.

"Ke za ki bar sallarki saboda ni?"

"A'a."

"Na sani. Da kin ce e, da ba Fadilata ba ce. To ni ma haka ne, rabin raina. In na yi don ke, na yi wa Allah ƙarya, na yi miki."

Na fashe da kuka mai ƙarfi, ban damu da matan da ke cirar zogale suna kallonmu ba. Na zo da niyyar in tsane shi, sai ga shi babu laifin da zan kama in riƙe. Da mayaudari ne, da na samu na huce.

"Wasan fa?" na ce da na ɗan lafa. "Kada ka fita saboda ni. 'Yan runduna na son ka."

"Ba zan iya jin muryarki kina koya wa wani baƙo birki ba." Ya goge ido. "Ki ce musu na gode da masauki. An karrama ni."

Ya rako ni bakin titi, ya tsayar mini da kabu-kabu. Na hau, na gyara mayafi.

Mai babur ya tayar. Ban san lokacin da bakina ya riga ni ba.

"Sai gobe, Auta."

Na ga leɓɓansa sun motsa zai ce Allah ya kai mu. Sai ya haɗiye.

"Sauka lafiya, Fadila," ya ce.