Wanda Ya Ɗauke Akwatin Lado

Ranar da motar soja ta kwashi samarin garin Abuja, wato Suleja ta yau, zuwa yaƙin Bama a can ƙetaren teku, Lado mai ɗaukar hoto ya faɗo ofishin 'yan doka ko hula babu.

"Ranka ya daɗe, an ɗauke akwatin hotona! Masallaci kawai na shiga."

Sufeto Bamalli ba ya gaggawa ko gobara ake. Ya ce, "Zauna. Akwati ba ya ruɓewa."

"Hoton Mahmudu na ciki, ban wanke ba. In aka buɗe, haske ya shiga, shi ke nan. Yaron kuma ya tafi a motar soja, wa ya san ranar dawowa?"

Nan take Sufeto ya miƙe.

A rumfar Lado ya tarar da ƙafafun akwatin nan uku a tsaye, ga sabon keke a jingine ba a taɓa ba. A ƙasa kuwa wani tsumma ne da aka fara naɗawa gammo aka yar. Ya sunsuna, ƙamshin turaren wuta ya buge shi.

Ya juya ga Dogara wanzami, mai rumfar kusa. "Wa ka gani?"

"Wani ƙato, Sufeto. Baƙo ne, da saje."

"Ƙato da saje, yana naɗa gammo, yana ƙamshin amare?"

Dogara ya hau wasa askar da ya riga ya wasa. Bai iya ƙarya ba, bawan Allah.

"Wa ya leƙa cikin akwatin yau?" Sufeto ya tambayi Lado.

"Uwar yaron, Inna Maiturare. Ta roƙa, na bar ta ta sa kai cikin baƙin ƙyallen da nake leƙawa. Ta fito tana salati."

Sufeto ya same ta a ɗakinta. Ga akwatin a kan gado, an kife shi, an lulluɓa masa zane.

"Inna, kin buɗe?"

"In buɗe ya faɗo? Ni na ɗauko, ɗan nan, kada ka wahalar da Dogara. Da idona na ga autana a ciki, kai a ƙasa, ƙafa a sama. Yaron da ko lilo ya hau sai jiri ya kama shi! Haka zai je yaƙi? Shi ne na juya shi."

Tausayi ya kama Sufeto. Bai yi mata bayanin cewa gilashin ne ke nuna kowa haka ba. Ya rungumi akwatin a kife yadda ya same shi, ya ce, "Na kama ki, Inna. Mu je."

Washegari maganin wankin hoto ya iso daga Minna, Lado ya fito da hoton a gabanta. Ga Mahmudu cikin kaki, tsaye ƙyam.

Inna ta share hawaye, ta harari Lado. "Ka gani? Da ban juya shi ba fa?"

Lado ya buɗe baki zai yi magana. Sufeto ya taka masa ƙafa.

"Gaskiyarki, Inna," in ji shi.