Baƙin da Ke Riƙe da Fuskar Jatau

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan. Labarin Tabawa mai daddawa ne, wadda ba a taɓa cin ta a ciniki ba.

Mijinta Jatau ɗan dambe ne. Ya rasu bai bar hoto ko ɗaya ba. Sau ɗaya aka taɓa nuna shi a talabijin, irin ta da mai ƙatuwar ƙeya, wani ya ɗauki hoton gilashin. Shi ne 'yarsu Uwale ta tono bayan shekaru, ta turo wa uwar a waya.

A wayar kuwa hoton ɗan mitsitsi ne, dishi-dishi kamar an shafa masa toka. Tabawa ta kai wa Sabi'u mai wankin hoto a cikin gari, ta ce ya ƙara masa girma da haske, bango za ta rataya.

Da ya buɗa shi a na'urarsa, sai fuskar ta fito zane-zane, layin haske, layin baƙi, kamar saƙar tabarma.

"Inna, haka gilashin talabijin ta da yake, rabi haske rabi duhu. In aka ƙanƙance hoton, layukan su damu wuri guda, ya dushe. Waya kuma ta ƙara matse shi a hanya. In aka buɗa, baƙin ya fito. Ɗaya za ki zaɓa."

"Ka ce dai ba ka iya ba," in ji ta. "Ba ni abina."

Rana ta yi ja. Don haushi ba ta jira mota ba, ta yanke ta tsohuwar marina, inda ramukan rini suka bushe tun zamanin kakanni.

Daga nesa ta hango mutum zaune a bakin rami, fari tas, yana walƙiya kamar fitila. Tana matsowa yana dushewa. Da ta zo daf, sai ta ga jikinsa zane-zane ne. Layin haske, layin baƙi. A gabansa ga tsohuwar talabijin a kunne, ba waya ba batir.

Ta yi sallama. Bai amsa ba.

"Matar Jatau," in ji shi. Muryar shuuu take, kamar tashar da ta rufe. "Sabi'u ya kasa ko? Kawo."

Ba ta miƙa ba, amma sai ga wayar a hannunsa. Ta saci kallon ƙasa. Rigarsa ta ƙare, ƙafa ba ta fara ba. Ta so gudu, amma Jatau yana hannun mutumin.

"Zan haska miki shi kamar rana. Ba na son ko sisi. Baƙin layukan kawai za ki bar mini. Ki ce kin sallama."

To, ai kun san kasuwa. Mai kaya in ya ce "na sallama", ciniki ya faɗa, ba tayarwa. In tayi bai yi masa ba, "albarka" yake cewa. Tabawa kuwa bakinta ya riga tsoronta. Abin da mai saye ya ƙwallafa wa rai, ba shara ba ne.

"Albarka," in ji ta.

Mutumin ya yi firgigit kamar an watsa masa ruwan zafi. Haskensa ya ragu.

"Ga ɗanɗano," ya ce. Ya sa farce a gilashin wayar, ya zaro baƙin layi ɗaya kamar zare daga zane, ya haɗiye. Wurin ya yi fari fat. Daidai kuncin Jatau ne, inda billensa yake, tsagen nan na gidansu.

Billen ya tafi. Tabawa ta lalubi zuciyarta don ta tuna kamanninsa. Siriri ne ko mai kauri? Daga ina ya faro? Babu. Billen da ta kwana ta tashi da shi tun tana amarya, an share shi a kanta kamar yadda aka share shi a wayar. Nan ta gane. Baƙin nan shi ke riƙe da fuskar. In ya zare duka, farin fili za a bar mata, a waya da cikin rai.

"Kin ga haske? Ki sallama."

"Albarka."

"Zan ƙara miki muryarsa."

Talabijin ɗin ta yi tari irin na Jatau. Ta kira ta da sunan da shi kaɗai yake kiran ta a ɗaka: "Ta-Gidana."

Kalmar ta hau harshenta, har ta ji "na" ya fita. Mutumin ya miƙo wuya, wuyan yana ta tsawo.

Ta ciji leɓenta har jini.

"Na ce albarka! Kai kurma ne? Albarkar Annabi, ba na sayarwa ba ne!"

Sai ya fara ƙanƙancewa. Yana ƙanƙancewa layukansa na damewa, ya koma launin toka, ya koma kamar ƙwayar gero a bakin rami. Can daga gari aka ɗaga kiran magariba. Talabijin ta mutu ɗif. Tabawa ta suri wayarta a ƙasa, ta bar takalmi ɗaya a wurin, ba ta waiga ba.

Washegari ta koma wurin Sabi'u.

"Buɗa shi yadda yake, yaro. Kada ka taɓa mini baƙi ko ɗaya."

Hoton yana nan a bangonta, zane-zane, da farin layi guda a kunci. Uwale ta sha kwatanta mata billen da yatsa. Tabawa takan gyaɗa kai, kafin a sha ruwa ya sake ɓace mata.

Don haka in rana ta yi ja, kada wanda ya bi ta marina shi kaɗai. In kuma ka hango mai haske daga nesa, kana matsowa yana dushewa, kada ka tsaya jin tayinsa. Ba kowa ke da bakin Tabawa ba.