Bayan Ƙofar Ɗakin Hoto

"Ba zan yi wani hoto ba! Targaɗe ne, a kai ni wurin mai ɗori kawai."

Da wannan maganar mijina ya tarbe ni. Na daɗe a gidanmu, fushi na yi na taho, shi kuma sarkin taurin kai ko leƙe bai yi ba. Sai yau abokin aikinsa ya kira ni, wai ya faɗo daga saman gini. Na same shi shi kaɗai a bencin asibiti, riga duk siminti.

"Likita ya ce sai an ga ƙashin," na ce. "In ya haɗe a karkace, da wane hannu za ka ƙara ɗaga bulo?"

"Kin san tsadar hoton nan kuwa?"

"Na riga na biya. Tashi!"

Ɗakin sanyi ƙalau. Matar da ke ɗaukar hoton ta ɗora hannun a kan tebur, sai rawa yake yi.

"A haka ba zai fito ba. Zo ki riƙe masa, ƙanwata." Ta miƙo mini wata riga mai nauyi, sai ta dakata. "Ba ki da ciki dai ko? Hasken nan ba ya yi wa ɗan ciki kyau."

Ko Mama ban faɗa wa ba.

"Ina da shi..."

"To maza waje!"

"Amarya..." na ji ya ce, ƙofar ta rufe.

Na zauna a barandar, ba kowa sai jar fitilar da ke saman ƙofa. Kukan da nake ta haɗiyewa ya ƙwace mini. Wallahi na gaji da kaɗaici.

Hoto ya fito, karaya biyu. Likita yana ta nuna masa, shi kuwa ni yake kallo. Da muka fito ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun kafin in tafi."

"Kika riƙe wannan ke kaɗai?"

"Da wa zan riƙe? Ka zo ne?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kullum ina zuwa, masoyiyata. In na tashi daga aiki, har bakin layinku nake zuwa in tsaya... sai kunya ta mayar da ni."

Na kama lafiyayyen hannun, na ɗora shi a kan cikina.