Manhajar Alhaji Bawa

Ƙawata, matso ki ji abin da ya sami wata yarinya a unguwarmu.

Tana koyon ordinater, wato kwamfuta, a lakwal, makarantar boko. Manhajar da suke aiki da ita kyauta ce. Sharaɗinta ɗaya: duk abin da ka ƙara mata ka raba, sai ka bar kowa ya kwafa.

Yayanta Mansur yana gyaran salula a Kano. Da ya zo gida, ya ba ta wata ƙaramar manhaja mai buɗe katin waya da ya ƙi buɗuwa.

"Ta maigidana ce, Alhaji Bawa," in ji shi. "Ke kaɗai. Kada ki ba kowa."

Ita kuwa son yabo ya ja ta. Ta haɗa ta da ta lakwal, ta raba wa ƴan ajinsu. Daga hannu zuwa hannu, har ta tsallake iyaka a Ɗan Barto, ta isa Kano.

Wata ranar Juma'a sai ga Mansur da jakarsa. Ko tuwo bai taɓa ba.

"Inna, Alhaji ya kore ni. Ya ce ni ɓarawo ne."

Yarinyar ta gane laifinta ne. Da lakwal ta buɗe, ta faɗa wa malaminsu komai.

"Mushe, ai ku kuka ce kyauta ce!"

"Tamu ce kyauta. Waccan aro aka ba ki. Masu tamu sun ce a raba, mai waccan ya ce kada a raba. Yaya za su zauna wuri ɗaya?"

Ya goge aikinta duka. Ƴan aji suna ta tsokana: "Sannu, Madam Injiniya!"

A gida Inna ba ta dake ta ba. Ta miƙa mata salula.

"Amana kika ci. Kira mai ita."

Yarinyar ta kira, ta ce, "Alhaji, ni ce na raba, ba Yaya ba. Ka yafe mini."

Sai Alhaji ya ce:

"Yarinya, na sha wahala kafin in haɗa ta, kuma ba za ta dawo hannuna ba. Amma kin faɗi gaskiya. Ce wa Mansur ya hau mota gobe."

Daren nan Mansur ya ci tuwo har da ƙari.

Tun daga ranar, ba ta raba abin wani sai ta tambayi mai shi. Aro ba kyauta ba ne.

Ƙawata, don Allah kada ki faɗa wa kowa. Har yau kunya take ji.