Bencin Ƙofar Gidan Alhaji Dogara

Rumaisa tana tsince shinkafa a tsakar gidansu a Liman Abaji, mahaifiyarta Nana Hauwa ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. Daga yanayin zaman ta san da magana.

"Zancen Zainulabidin a bar shi," in ji Mama. "Jam'iyyar ubansa ta faɗi, shi kuma an sallame shi daga aiki tare da duk waɗanda aka ɗauka a zamaninsu. Da me zai ciyar da ke, da fosta?"

"Haba Mama, an fa raba goron sa rana."

"An ci an tofar. Babanki na neman kwangila wurin sababbin nan, so kike a ce surukin Alhaji Dogara ne?"

Maganar ta yi wa Rumaisa ciwo har ta yi hawaye. Bara war haka, ko mai tallar nono sai Mama ta gaya mata 'yarta za ta auri ɗan ciyaman ɗin jam'iyya na yankin Yara. Mutane ke nan, inda ake rabo nan suke da dangi.

Ba ta yi musu ba, amma ba ta zauna jiran tsammani ba. Ta kira Zainulabidin ta ce, "Ka daina zaman makokin ofis. Ka shiga kwas ɗin haɗa sola, ni ma zan dage da karatun jinyata." Ya shiga, hannun biro ya koyi riƙe filaya.

Da ta ji hawan jini ya kwantar da Alhaji Dogara, ta roƙi mahaifinta Malam Uthman ya riƙa kai ta duk Asabar tana auna masa jini. Yarinyar da aka sa wa rana ba ta shiga gidan surukai, don haka a ƙofar gida take aikinta, kan dogon bencin da 'yan siyasa ke cikawa a da. Yanzu ko sallama ta yi wuya a wurin. Baba kuwa a kwanar layin yake tsayar da babur, ya juya baya kamar mai jiran wani.

Ran Asabar ta huɗu, Alhaji ya dogara sanda ya taka har kwanar.

"Malam Uthman, kada ka sauko, za a gan ka da ni. Na san yadda gari yake. In auren yaran nan zai taɓa maka abinci, wallahi na yafe. 'Yarka ta riga ta yi mini abin da waɗanda na ɗauka aiki ba su yi ba."

Rumaisa ta tsaya da abin awo a hannu. Kunya ta rufe Baba. Ya kashe babur, ya kama hannun Alhaji ya mai da shi benci, ya zauna gefensa kowa na gani.

"Alhaji, Allah ke ba da abinci. Rana tana nan yadda aka sa ta."

Kwangila dai ba ta zo ba, Mama ta yi fushin kwana biyu ta haƙura. Lokacin da aka ɗaura aure, Zainulabidin ya riga ya haɗa wa gidaje shida sola, amarya kuma ta ci jarrabawarta.

Mulki juyawa yake. Wanda ya koyi abin yi da hannunsa ba a sallamarsa, wanda kuma ya gaishe ka ranar da ka faɗi, shi ne naka.