Daƙiƙa Biyar

Saura kwana uku a fara haska *Kujera ta Tara* aka bugo waya ofishin 'yan sanda daga gidan talabijin, aka ce an sace shirin ɗungurungum.

Saje ne ya ɗauki wayar. Da ya ajiye, sai ya dafe kai kamar wanda aka aiko wa saƙon mutuwa.

"Yallaɓai, mun shiga uku. Ba kallo ranar Asabar."

Sufeto ya ɗago ya harare shi, ya jawo hularsa.

Wata biyu ke nan garin ba shi da wata hira sai ta wannan shiri. Labarin wani shugaba ne na wata ƙasa da aka ƙaga, wanda aka kashe a ɗakin taro, ministocinsa tara suna zaune, kuma ɗaya a cikinsu ne ya sayar da shi. A kowace mahaɗa an kafa allon talla, ga ministocin nan a jere cikin shuɗin yadi, kullum da safe ana sauya lambar kwanakin da suka rage. A shagon aski har an ba hammata iska kan wane ne maci amanar. Matar Sufeto ma ta sa an sake mata eriya.

Shi kam abin haushi yake ba shi. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, duk makircin da ya taɓa kwancewa na mutanen da suke gaisawa kowace safiya ne.

A ƙofar ɗakin tace hoto suka tarar da Darakta, mai shirin, da baƙin tabarau a fuska duk da cewa ba rana a cikin ginin.

"Manya ne, Sufeto," ya ce tun kafin a gaisa. "Na taɓa inda ba a taɓawa. Dama na san ba za su bar ni ba."

"Me aka ɗauka?"

"Faifan ajiya. Ɗan baƙin akwati kamar tafin hannu. Kashi goma sha uku duk suna ciki."

"Ina kwafin?"

Darakta ya gyara tabarau. "Babu. Ni na ce a goge sauran, don kar wani ya fitar da ƙarshen labarin."

"Wato aikin shekara biyu ka zuba a abin da zai shiga aljihu."

"Tsaro ne."

"Na ga alama," in ji Sufeto. "An taɓa wani abu a shirin kwanan nan?"

"Ko ɗigo. Wata guda ke nan da kammalawa."

Sufeto ya shiga. Ɗakin ƙarami ne, ba taga, sai sanyin na'ura da warin tsohon shayi. Ba a ɓalle ƙofa ba. Igiyoyin wuta ko'ina a cukurkuɗe, ƙarƙashin tebur da bayan allo, sai mutum ya ɗaga ƙafa kafin ya wuce.

Guda ɗaya ce tak ta fita daban. An naɗe ta zagaye a kan zagaye, ba murɗiya ko ɗaya, an ɗaure ta da ɗan shuɗin ƙyalle, an rataye a ƙusa.

"Wannan ta mece ce?"

"Igiyar wutar faifan ce," in ji wata murya daga lungu.

Edita ce, mai tace shirin, mace 'yar kimanin shekara talatin. Idanunta sun yi ja don kuka.

"Ke kika naɗe ta?"

"Ni? Yallaɓai, dubi sauran."

Sufeto ya duba, ya yarda. Ya cire igiyar ya miƙa wa Saje. Ɓarawon da aka turo daga sama ba zai tsaya gyara wa mutane ɗaki ba.

A ofishin da ke kusa ya zaunar da ita.

"Yaushe kika ga faifan na ƙarshe?"

"Ƙarfe ɗaya, da zan tafi cin abinci. Na dawo ƙarfe biyu, babu shi."

"Kin kulle ƙofa?"

"Na kulle."

"Mabuɗi nawa ne?"

"Biyu. Nawa da na Oga."

Saje ya leƙo da littafin mai gadi. Daga safe har zuwa lokacin ba baƙon da ya shigo, sai ma'aikata.

Darakta ya turo ƙofa ba sallama, da takarda a hannu.

"Me kuke jira? Ita ce. An saye ta. Ga takardar korarta nan na sa hannu, ku tafi da ita, 'yan jarida suna hanya."

"Wa ya kira su?"

Darakta ya yi kamar bai ji ba.

Edita ta fashe da kuka. "Oga, shekara biyu ina kwana da wannan aiki a raina. Uwata tana asibiti, ni kaɗai gare ta."

"Da kin tuna da ita kafin ki ci amana."

Sufeto ya juya ga Edita. Idonsa ya kai kan wata takarda da Edita take ta murzawa a hannu. Ya karɓa. Jerin abubuwan da za su buɗe kashi na farko ne, kowanne da tsawonsa. A layi na biyu an rubuta: *Tunawa, daƙiƙa biyar.* An soke shi da jan biro, an rubuta *tallar sabulu* a gefe. Kwanan watan jiya ne a ƙasa, da sa hannun Darakta.

"Ka ce wata guda ba a taɓa komai ba."

"Wannan ai ba komai ba ne. Daƙiƙa biyar fa."

"Tunawa da wa?"

"Wata ma'aikaciya." Ya duba agogo. "Bari in ga ko sun iso."

Da ya fita, Sufeto ya jawo kujera kusa.

"Ƙanwata, ko ki gaya min, ko ki kwana a wurinmu. Wace ce?"

Edita ta share hawaye da gefen mayafi.

"Anti Tela ce. Ita ta ɗinka duk kayan da kake gani a jikin ministocin nan. Bara, Oga ya sauya ranar ɗauka ba sanarwa, ya ce lallai kaya su iso kafin azahar. Ta kwana biyu a kan keke tana ɗinki, ta ɗauko su da kanta a motar haya. Motar ce ta kife. Kayan sun iso, ita ba ta iso ba."

"Sai aka yi alkawari."

"A gaban jama'a, ranar gaisuwa. Ya dafa kan 'yarta ya ce duk ƙasar nan sai ta ga hoton uwarta da sunanta kafin ta ga fuskar kowa. Jiya masu sabulu suka nemi ƙarin wuri, ya ce in cire."

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa."

Ta faɗa da sauri, idonta a ƙasa. Sufeto ya dubi allon tallar da ke manne a bango, ya karɓi igiyar daga hannun Saje, ya ɗora ɗan ƙyallen da aka ɗaure ta da shi a kan rigar minista na uku. Yadi ɗaya ne.

"Tana da miji?"

Edita ta kau da kai. Sufeto ya miƙe.

"Saje, tara min duk wanda ya zo aiki yau a babban ɗakin ɗauka."

Su bakwai ne. Sufeto ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tambayar inda suke tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu. Na ƙarshe wani dogon mutum ne mai furfura a gemu, abin sauraro rataye a wuyansa. Shi ne mai ɗaukar sauti, kowa yana ce masa Kunne.

"Ina kake a lokacin?"

"Na je ɗauko 'yata daga makaranta, ranka ya daɗe."

"Yaushe rabonka da ɗakin tace hoto?"

"Ya fi mako. Aikina ya ƙare tuni."

"Ka san an cire wani abu a kashi na farko?"

"Ban sani ba."

Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Sufeto ya gyaɗa kai, ya juya kamar ya gama. Yana wucewa ya sa ƙafa ya ja wata doguwar igiya da ke kan akwati, ta zube a ƙasa ta warware.

"Af, ku yi haƙuri. Wani ya kwashe kar a faɗi."

Darakta ya tsallake ta. Mai kyamara ya durƙusa ya ɗauka, ya fara naɗe ta tsakanin gwiwar hannu da babban yatsa, kamar mai kwashe igiyar shanya.

Kunne ya yamutsa fuska kamar an taka masa ƙafa.

"Haba, ɗan'uwa, za ka karya mata ciki. Kawo."

Ya karɓa. Zagaye ɗaya ta sama, ya juya hannu, ɗaya ta ƙasa, ko kallon igiyar ba ya yi. Kafin a ƙifta ido ta kwanta lumui. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ya fito da ɗan shuɗin ƙyalle, ya ɗaure.

Sai a lokacin ya ɗago. Saje yana tsaye a gabansa, riƙe da ɗaya igiyar.

Kunne ya dubi ta hannunsa, ya dubi ta hannun Saje, ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Shekara talatin," ya ce. "Wallahi ban ma san na naɗe ta ba."

"Ina faifan?"

"Yana gida. Ku saki yarinyar nan, ba ruwanta. Ta gaya min ne don ta ga ya kamata in sani. Ƙofar ma ba ta taɓa kulle ta da rana, duk mun sani."

Gidan ciki biyu ne a bayan wata makarantar firamare. A tsakar gida an jera fararen kujerun roba a kan juna, sun kai talatin. Wata tsohuwa tana goge su da tsumma, yarinya 'yar shekara tara tana taya ta.

"Baba, baƙi ne?"

"Abokan aiki ne, uwata. Je ki taya Kaka."

A cikin ɗaki keken ɗinki yana nan a rufe da zane, kusa da shi buhun ragowar shuɗin yadi. A kan tebur wata tsohuwar kwamfuta tana ta gurnani, faifan a jone. Wani koren layi ya kusa kai ƙarshen allo.

"Ba sata na yi niyya ba, ranka ya daɗe," in ji Kunne. "Na ce in mayar da matata wurinta a shirin, in dawo da shi kafin ƙarfe biyu, ba wanda zai lura sai an haska. Na ɗauka awa ɗaya ta isa. Da na danna, sai wannan tsohuwar kwamfutar ta ce sai awa huɗu. In na zare a tsakiya, kashin ya lalace. Sai na koma aiki na zauna ina kallon ana zagin yarinyar mutane."

"Me ya hana ka yi wa Darakta magana?"

"Na yi, jiya. Ya ce mamaci ba ya kallon talabijin."

Layin ya cika. Kunne ya danna. Allo ya yi baƙi, sai ga hoton wata mata da awon ɗinki a wuya, tana dariya, allura a gefen baki. Sunanta a ƙasa da fararen haruffa. Ba kiɗa, sai ƙarar keken ɗinki a hankali.

"Ni na ɗauki sautin nan," ya ce. "Ba ta ma san ina ɗauka ba."

Sufeto ya ƙirga a zuci. Biyar. Sai ministoci suka fito.

Ya daɗe bai ji ya tsani aikinsa irin na wannan rana ba. Ya fita waje ya kira Darakta a waya.

"An samu kayanka, ba abin da ya taɓa shi. Ka janye ƙara. Ka bar masa daƙiƙa biyar ɗin nan."

"In janye? Sufeto, ka san mutum nawa ne a ƙofata yanzu da kyamara? Ka kawo min shi da ankwa. Wancan abin kuma Edita za ta cire, in tana son aikinta."

Haka aka yi, don doka ba ta san alkawarin ranar gaisuwa ba. Sufeto ya hana a sa ankwar sai da suka bar unguwar.

A ƙofar gidan talabijin Darakta yana tsaye a ƙarƙashin allon talla, yana gaya wa 'yan jarida cewa maƙiya sun dasa masa ɗan leƙen asiri shekara biyu, amma gaskiya ta yi halinta, Asabar ƙarfe bakwai kowa ya kunna. Edita ta karɓi faifan da hannu biyu, ta kasa kallon kowa.

Saje ya buɗe bayan mota. Kunne ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya.

"Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya. A gaya wa surukata ta mayar wa mutane kujerunsu. Duk layinmu ta gayyata. 'Yata kuma, a ce mata talabijin ɗin ta lalace."

Sufeto ya ce zai je da kansa. Aka rufe ƙofa, mota ta tashi.

Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Baban yara, wai da gaske an gano? Za a nuna?"

"Za a nuna," ya ce. "Har da sabulu."

Ya kashe wayar, ya nufi gidan da kujerun suke.